Ranar da Muka Auna Gudun Jirgin Baba Audu

Kai, ajiye wannan ƙarfen ka zauna. Tun ɗazu nake jin ku kuna cewa wai ƙirar farfaru ba sana'a ba ce, iyakarta a hura wuta a ɗiga dalma. To, sannunku da ƙoƙari. Ku da kuke danna abu wuta ta kawo kanta, in an ɗauke lantarki ku miƙe a benci kuna hamma kamar kun ci bashin barci, ai dole ku faɗi haka. Ni Ɗanlami, a maƙerar gidanmu ta Gwale na buɗe ido, kuma na ga abin da aikin tagulla yake yi wa wanda ya iya shi, balle wanda ya raina shi.

Buta ce aikin farko da Yaya Garba ya sakar mini ni kaɗai. Yaya Garba wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya gaji maƙerar bayan rasuwar mahaifinmu. Na buga tagullar a kan uwar maƙera, na naɗe ta, na haɗa gindi, na dasa hanci, na bi ta da magagari har tana ɗaukar ido. Na miƙa masa ina jiran yabo. Ko kallon kyanta bai yi ba. Ya toshe bakinta da tafin hannu, ya nutsa ta a kwatarniyar ruwa ya bar hancin a waje, ya kafa baki ya hura. Sai ga 'yar kumfa, wallahi ba ta kai ƙwayar gero ba, ta taso daga gindi. Ya tsamo butar, ya ɗora ta a uwar maƙera, ya ba ta masaba ɗaya ta baje. Ya ce, "Sake." Haka gidanmu yake aiki tun kakanni. Duk abin da zai riƙe ruwa sai an nutsa shi an hura, inda kumfa ta fito a liƙe, ba a tambayar dalili.

'Yan shekaru kafin mulkin kai muka shiga shekarar da ba na son tunawa. Kantuna suka cika da langa mai fenti da furanni, da butoci marasa nauyi, ga araha kamar a ce ɗauki kyauta. Mata suka juya mana baya gaba ɗaya. Sai mu wuni ba wanda ya yi mana sallama sai mai neman garwashi. Maƙwabtanmu biyu suka rufe maƙera, ɗaya ya koma dakon buhunan gyaɗa a tasha. Wata rana Yaya ya dubi murhun ya ce, "In damina ta faɗi ba mu ga sauyi ba, zan kashe wutar nan in bi su." Na san da gaske yake, domin Yaya ba ya faɗar magana sau biyu, kuma wutar kakanmu ne ya fara hura ta.

Ana cikin haka sai ga Baba Audu da akwatin katako a hammata. Tsohon direban jirgin ƙasa ne, ya bar aiki yana zaune a Ƙofar Ruwa. Ya yi sallama, aka gaisa, ya tsuguna ya buɗe akwatin. Salati ya kuɓuce mini. Kan jirgi ne, tsawonsa bai wuce kamu ɗaya ba, amma komai da komai akwai: bututun hayaƙi, tukunyar ruwa, ƙafafu, sandunan da ke juya ƙafafun, har da ɗan ɗakin direba.

Na ce, "Baba, ina makullin da ake wana shi?"

Ya harare ni. "Agogo ka gani? Ruwa yake sha, wuta yake ci, tururi ya tura shi, kamar ubansa na tasha."

Wani Bature da suka yi aiki tare ne ya bar masa da zai koma gida. Bututun ƙarƙashinsa ya tsage, ya daina tafiya. Baba Audu ya ce akwai Turawan loko da ke ajiye irin waɗannan, kuma in ɗaya ya lalace sai a aika da shi ƙasarsu a yi wata da watanni, don ba su san akwai mai hannu a cikin birni ba. "Malam Garba, in ka tashe shi, ni da kaina zan kai musu su gani, aikinsu ya dawo nan. Amma da sharaɗi. Sai na auna gudunsa da agogona tukuna. Mutanen nan ba sa son jirgi mai gudun ɓera."

Yaya ya ce, "Wane irin gudu suke so, Baba?"

"Irin na gaske. Ka ga wannan? In ka jera irinsa talatin da biyu, hanci da wutsiya, ka sami tsawon babban. To milinsa ma ba irin namu ba ne. Raba mil gida talatin da biyu, kashi ɗaya shi ne milinsa, yadi hamsin da biyar ke nan. Jirgin da na tuƙa, in hanya ta yi kyau, mil talatin yake yi a awa, wato mil guda a minti biyu. Shi ma wannan sai ya ci yadinsa hamsin da biyar a minti biyu."

Yaya ya yi lissafi, ya ce, "Haba Baba, ai tsohuwa mai sanda ta wuce shi."

"Ta wuce shi mana. Amma ka kwanta ka sa kunci a ƙasa ka kalle shi yana tahowa, sai ka rantse na Ikko ne."

Yaya ya ce to. Da tsohon ya fita kuwa sai ya girgiza kai ya ce mini, "Tsufa ne kawai. Wa ya taɓa raina doki don ya cika gudu?"

Dogo shi ne rabona a aikin, domin na Baba Audu 'yan guntaye ne duk sun yi tsatsa. Kuna jin dogo kamar wasa ko? Na je kasuwa na tattaro langa-langar da ake ɗaure dilar yadi da ita, na miƙar da ita ɗaya bayan ɗaya da masaba, na goge bakin. Na farfasa akwatunan sabulu na yi 'yan katakan da dogon zai hau, kowanne na tsaga shi biyu da zarto na dasa langa-langar a tsaye. Na yanki kara daidai faɗin ƙafafun jirgin, shi ne ma'aunina, ko'ina sai na zura shi tsakani. In ya matse jirgi ya cije, in ya yi sako-sako jirgi ya faɗa. Baba Audu ya ce a yi shi kewaye, zagaye ɗaya ya zama rubu'in mil na jirgin, yadi goma sha huɗu saura kaɗan. Ba mu da abin awon yadi, sai da na je Soron Ɗinki na aro tef a wurin wani tela, shi kuwa ya biyo ni har maƙera ya zauna, wai kada mu ƙona masa. Bisa lissafin Baba, zagaye ɗaya rabin minti zai ci in gudun ya yi daidai.

Shi kuwa Yaya ya shimfiɗa farin ƙyalle ya warware jirgin gunduwa-gunduwa, yana jera kowane ƙarfe a inda ya ciro shi, har ƙusoshin da ba su kai ƙwayar shinkafa ba. Bai taɓa ganin cikin irin wannan abu ba, amma hannunsa ya gane hanya. Ya ciro bututun da ya tsage, ya naɗa sabo da jan ƙarfe, ya mayar. Sannan ya yi abin da ake yi. Ya toshe ƙofofin tukunyar, ya nutsa ta a kwatarniya, ya hura.

Bututun bai fid da kumfa ba. Amma a can saman tukunyar akwai wani ɗan kan tagulla kamar murfin tandun kwalli, sai ga kumfa tana fita ta nan, ɗis, ɗis. Yaya ya kwance shi ya leƙa. A ciki akwai 'yar ƙwallon ƙarfe da murɗaɗɗiyar waya ta danne ta, duk sun yi tsatsa. Ya yi tsaki. "Dubi aikin Bature. Ya sa murfi ya bar shi yana numfashi." Ya zare wayar ya yar. Bai ma yarda da dalma ba, ya ce wurin wuta ne za ta narke, sai ya ɗauko azurfar da muke tattali ya cike ramin da ita. Ya goge, ya mayar, ba mai cewa an taɓa. Ya sake nutsawa ya hura har jijiyar wuyansa ta tashi. Ruwa ya kwanta lumui. Daga nan ya dubi fitilar da ke ƙarƙashin tukunyar, mai 'yan siraran lagwani, ya ce wannan ko shayi ba za ta dafa ba, ya sa mata masu kauri.

Za ku ce me ya hana a tambayi tsohon? Ku ba ku san zamanin ba. Maƙeri ba ya tambayar mai kaya yadda ake gyaran kayansa, abin kunya ne. Mai kaya kuma ba ya tsallako bakin ƙofa ya leƙa aiki. Ni ma da na ga ruwan ya kwanta, cewa na yi, "Madalla, Yaya."

Ranar gwaji, bayan la'asar, muka haɗa dogon a filin ƙofar gidan Baba Audu, nesa kaɗan da kududdufin unguwar. Kafin mu gama, labari ya zaga. Dattawa a tsaye, mata na leƙe ta zaure, yara sun jeru a gindin katanga. Yaya ya sha babbar rigarsa ta Juma'a, ko awartaki bai riƙo ba, tunda a wurinsa aiki ya gama.

Baba Audu ya ɗura wa tukunyar ruwa da ɗan mazurari, ya zuba wa fitilar sifirit, man da take ci, ya ƙyasta ashana. Ya fito da 'yan taragu biyu daga gida ya maƙala wa jirgin. Ya ajiye dutse a gefen dogo ya ce mini, "Ɗanlami, duk sanda hancinsa ya zo daidai dutsen nan ka ce ya wuce. Ni idona na kan agogo." Ya ciro agogon aljihunsa mai sarƙa ya riƙe. Sai na ga ya karkata kunne wajen jirgin kamar mai jiran wani abu, ban san ko mene ne ba. Aka jima. Mutane suka fara, "Baba, a sake shi mana!" Ya taɓa ɗan usur ɗin jirgin da yatsa, ya yi wata ƙara da ta sa yara toshe kunne. Ya ce, "To, ya ƙoshi." Ya ɗan tura ƙaramin hannun da ke buɗe wa tururi hanya, kaɗan kawai.

Jirgi ya motsa. Wallahi tsigar jikina ta tashi. Cak, cak, cak, sandunan na kai da komo, ɗan farin tururi na fita ta bututun hayaƙi, taragun na bin sa a hankali. Tsohon nan, da rigarsa da hularsa, ya kwanta rub da ciki ya sa kunci a ƙasa, agogo a gaban hancinsa.

Na ce, "Ya wuce!"

"Daƙiƙa talatin. Mil talatin a awa." Idon Baba Audu na kan agogo. "Shi ne. Wallahi tallahi shi ne."

Yaya ya dube ni, na dube shi. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan lokacin ba. A raina na ce wutarmu ta tsira.

"Ya wuce!"

"Ashirin." Baba Audu ya ɗago kai. "Mil arba'in da biyar. Ya ɗan ƙara."

Ba wanda ya taɓa shi, amma cak-cak ɗin ta fara haɗewa. Zagaye na gaba ma haka, na bayansa ya fi. Yara suka miƙe suna tafi, wani dattijo na cewa, "Kai, maƙeri ya yi aiki!" Yaya sai murmushi yake yana gyara hula.

"Ya wuce!"

"Goma." Baba Audu ya tashi zaune. "Mil casa'in. La'ilaha illallahu. Ba jirgin da ya taɓa wannan gudun a ƙasar nan."

Yaya ya ce, "Ka gani, Baba? Da ma wuta ce ba ta ishe shi ba."

Tsohon bai ko kalle shi ba. Ni kuwa bakina ya daina hutawa, ina cewa ya wuce, kafin in haɗiye yawu ya dawo. Ƙafafun sun ɓace, sai sheƙi kawai, taragun na wutsil-wutsil a baya kamar za su tsinke. Dogon da na sha wahala a kansa yana rawa a ƙasa.

"Shida. Mil ɗari da hamsin." In ji Baba Audu. Sai na ga ya daina duban agogo, ya ƙura wa saman tukunyar ido yana bin ta da kallo. Ya juyo a firgice. "Garba! Abin nan na sama, me ya sa ba ya huci? Me ka yi masa?"

"Wanda ke yoyo? Na liƙe shi, Baba. Da azurfa ma."

Na ga mutane sun firgita a rayuwata, amma ban taɓa ganin fuska ta sauya irin ta Baba Audu ba. Ya dafe kai. Can ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Ba yoyo ba ne! Ƙofa ce aka bar wa tururi, in ya yi yawa ya fita ta nan! Ka toshe ta, ka ƙara wuta! Jama'a, ku gudu! Ku janye yaran nan!"

Kun san mutanenmu. Aka ce ku gudu, sai suka ƙara matsowa su ga abin da za a guje wa. Wasu ma dariya suke, sun zaci wasan tsohon ne. Baba Audu ya kai hannu zai rufe tururin da jirgin ya zo wucewa, ina, kafin yatsansa ya sauka ya yi gaba. Ya sake kaiwa, ƙarfen ya ƙone shi. A zagaye na gaba jirgin ya zo kan wata mahaɗa ya yi tsalle ya bar dogo. Taragun suka watse, kan ya yanki fili a guje, ya je ya kafe ƙafafunsa cikin rairayi a gindin katanga, daidai inda yara suke.

Nan fa. Muddin yana gudu, tururin na samun hanyar fita ta wurin juya ƙafafu. Yanzu ƙafafu sun cije, ƙofar sama a liƙe, ga wuta na ci a ƙarƙashi har da sifirit ɗin da ya zube. Ya yi tsit, sai wata 'yar ƙara, ƙis, ƙis, irin ta ƙarfe in ya sha wuta. Yaran kuwa suka yi caa a kansa, kowa na son ya riga taɓawa.

Ni ban yi komai ba, ba zan ɓoye muku ba. Yaya ne ya motsa. Maƙeri ne, magana ɗaya aka faɗa masa ya gane ta har ƙarshe, ya riga kowa ganewa. Ya tsallake dogon, ya watsar da yaran da ƙafa da gwiwa, ya naɗe hannayensa cikin hannun riga, ya sunkuci jirgin da wutarsa. Ya miƙa da gudu wajen kududdufi yana ihu, "Ku ba ni hanya! Ku ba ni hanya!" Rigar ta kama, bai sake shi ba. Ya juya wa mutane baya, ya ɗaga zai wurga ke nan, saura ƙiris ya kai bakin ruwa.

Sai abin ya fashe, ƙarar kamar an harba bindiga a cikin ɗaki. Farin tururi ya rufe shi. Da ya washe, sai ga Yaya a durƙushe, ya dafe hannun dama da na hagu. Filin nan da ke cike da hayaniya, ko tari ba ka ji.

Ba yaron da ko ƙwarzane ya samu. Muka kashe wutar rigar, aka ɗora shi a amalanke sai asibiti. Da na dawo kwashe dogon, na tarar da Baba Audu shi kaɗai a bakin kududdufi, ya cire hularsa yana tsintar gutsattsarin jirgin yana zubawa a ciki. Na tsuguna na taya shi. Tukunyar ta tsage ta ciki ta buɗe kamar ɓawon gyaɗa. Bai zage mu ba, da ma ya zaga da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai yake, "Mil ɗari da hamsin. Mil ɗari da hamsin."

Aikin Turawa bai zo ba, wa zai kai musu hula cike da gutsattsari? Yaya ya rasa babban yatsa da manuni na hannun dama, kuma maƙerin da ba shi da babban yatsa ba ya riƙe masaba. Dakon gyaɗar ma da ya ce zai tafi, ya fi ƙarfinsa. Wutar ba ta mutu ba, ni na riƙe ta da gyaran fitilu da toshe langar nan da ta kashe mana kasuwa. Mutumin da duk Gwale ba mai hannunsa, shi ya koma zama a bayana yana ja mini zugazugi da hagu, har Allah ya karɓi abinsa.

Da aka bar ni na shiga wurinsa a asibiti, fuskarsa duk ta saluɓe, hannun a naɗe kamar dami. An riga an gaya masa yara lafiya lau, an kuma gaya masa abin da aka yanke. Na zauna a gefen gadon. Ya yafuto ni da hagu, na sunkuya.

"Ɗanlami, ta ina ya fashe?"

"Ta ciki, Yaya. Haɗin Bature ne ya yage."

"Liƙina fa?"

Na sa hannu a aljihu na ciro ɗan kan tagullar, na tsince shi a cikin laka. Na ɗora masa a tafi. Azurfar na nan daram, ko tsaga babu. Ya kai shi kusa da ido yana jujjuyawa, har na ga bakinsa ya fara murmushi irin wanda yake yi in aiki ya yi kyau. Sai murmushin ya tsaya. Ya dubi damin da ke kan ƙirjinsa, ya daɗe yana dubansa.

Ya ce, "Da ma ya saki."